Jan Biro a Agege

Ranar Litinin na ce su rubuta mini kasuwa.
Yara arba'in da biyu a aji mai yoyo,
jirgin ƙasa na wucewa, allo na rawa.
Ranar Laraba na tattara littattafan
na rungumo su gida.

Na buɗe na farko: "Kasuwa wuri ne da ake saye da sayarwa."
Na biyu haka. Na tara haka.
Kamar an auno musu da mudu ɗaya.
Ku 'ya'yan Agege, da kuka tashi cikin ihun 'yan dako,
wa ya ce muku kasuwa ba ta da wari,
ba ta da laka, ba ta da tsada?

Tanimu, kai kuwa ka yashe ƙamus.
Ka labta wa jimla ɗaya kayan tirela,
ta durƙushe kafin ta kai aya.
Na karanta sau uku har gumi ya karyo mini,
ban ga ko ƙwayar tumatir ba,
sai "haƙiƙa" da "bugu da ƙari" suna cunkoso
kamar motocin yamma a kan gada.

Gobe da safe ka saurari yaron danfo.
Ba ya cewa "jama'a, bisa la'akari da."
Oshodi! yake cewa, kowa ya san inda aka dosa.
Jimlarka ta farko ta rataya a ƙofa haka,
ta kira sunan tasha,
mai shiga ya shiga da yarda.

In ka ɗauki fasinja, kada ka zaga da shi Ikorodu.
Sakin layi tasha ce.
Tsaya, sauke magana ɗaya, sannan ka ja.
In ka gama, ka leƙa mayankar Oko-Oba
ka ga yadda Ilu ke feɗe ƙirjin sa.
Ba ya tausayin kitse.
Karanta naka da ƙarfi, wuƙa a hannu.
Inda numfashi ya tsinke, nan aya ke so ta zauna,
tun kafin wani ya ba ta suna ƙa'ida.

Can ƙasan tulin, wajen sha ɗayan dare,
an ɗauke wuta, ina riƙe da tocila a haƙori,
na iske Barira.
Babu babban baƙi, waƙafi ya ɓace mata,
ta rubuta ɓarawo ba lanƙwasa.
Amma ta ce babanta, a Mil Sha Biyu,
yakan ware kayan da suka fara laushi
ya bar wa Iya Risi a rabin kuɗi,
in ya dawo hannunsa na ƙamshin attarugu
ko ya wanke da sabulu sau biyu,
jaririn gidansu ya yi ta atishawa in ya ɗauke shi.
Jan birona ya tsaya a sama kamar shirwa,
ya rasa ɗan tsakon da zai sura.
Ni ma na yi atishawa a kan takarda.

Lanƙwasa zan koya mata ranar Juma'a,
aikin rabin awa ne.
Ido kuwa ba a sayar da shi a kanti.
Ku faɗi abin da kuka taka, abin da ya cije ku,
a bar ƙafarku ta ba da shaida.

Da asuba aka goce da ruwa.
Na tuna rufin ajinmu, na ce bari in kai ƙara wurin hedimasta.
Sai ga hannuna, ni mai gyaran wasu, ya fara:
"Ina mai farin cikin ɗaukar alƙalamina mai albarka."
Shekara goma sha tara ina koyarwa,
ashe ni ma mudun nan na ci, ya zame mini al'ada.

Na yage. Na sake.
"Ranka ya daɗe, ruwa na zuba kan bencin Barira."
Na sa hannu, na ninke takarda.